Ranar da na hana mutum biyar numfashi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kusa sumar da yayana da waƙar Italiya ba.

Muna da 'yar ƙungiyar masu busa ƙaho a unguwar Whalley Range: ni, Yaya Nura, da Turawa uku. Da aka gayyace mu wasa a Birmingham, shugabarmu, wata dattijuwa cikin Turawan, ta ba ni tsohuwar waƙar Italiya da ake rerawa da murya biyar, ta ce in mayar da ita ta ƙaho. In ta yi kyau ita za mu busa, da sunana a kai.

Ina dubawa na ga waƙar duk giɓi ce. Wannan murya ta yi shiru, waccan ta tsaya jiranta. (Ni da ko motar bas ba na iya jira.) Na ce mutanen da dai ba su da aikin yi. Na cike giɓin kaf da sauti, na kunna a kwamfuta, ta fito zam. Yaya ya ce mu gwada a gida.

Na ƙi, na ce, "Haba Yaya, na ji ta da kunnena fa!"

Ranar gwaji a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, ga sauran ƙungiyoyi a zaune, ga Gwaggo Rabi ta jawo maƙwabtanta su ga 'yar ƙaninta. Layin farko lafiya lau. A na biyu, wuyan Baturen gefena ya koma kalar tumatir. Ni kaina na fara ganin taurari, amma na ƙi tsayawa. Yaya kuwa, mai ƙaton ƙahon nan da ake runguma kamar buhun shinkafa, idanunsa suka firfito, sai ƙahon ya saki wani sauti irin wanda in an ji a falo kowa ke hararar na kusa da shi.

Muka tsaya cak. Sai muryar Gwaggo: "Nura, lafiya? Ko waken jiya ne?"

Yana haki ya ce, "Gwaggo, tambayi 'yarki. Ta ɗauka huhun kwamfuta gare mu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugabarmu ta share hawayen dariya, ta ce haɗin muryoyin ya yi kyau ƙwarai, amma in mayar wa waƙar da shirunta. Na mayar, ko ɗaya ban rage ba. Washegari muka busa ta, aka kira sunana, Gwaggo har da guɗa.

Ashe in ka ga na gabanka sun bar fili, kada ka yi saurin gini a kai. Wataƙila nan ake shan iska.