Robar da Na Cire

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, mai masana'antar da nake sarin jakunkuna a wajensa a garin Shiling na ƙasar Sin ya ce zai kai mu teku mu yi nutso. Ni da Isufu, abokina ɗan Maraɗi, muka shiga kasuwa neman kyamara mai araha da kwanson da ke hana ta jiƙewa.

Ni na yi cinikin, tunda ni ne gwani. Na juya kwanson, na ƙwanƙwasa, har na shinshina shi kamar fata. Mai shagon ta fara nuna mini wata baƙar roba a bakin murfin, na ɗaga mata hannu. Wanda ya shekara yana duba zif, ai ba za a koya masa rufe abu ba.

A masauki na ga robar duk maiƙo. A sana'armu ta jakunkuna, abin da aka cusa cikin sabon kaya cirewa ake yi. Na zaƙulo ta da tsinken sakace, na jefa a shara, na goge gurbin tas.

Isufu ya ce, "Alhaji, anya kuwa?"

Na ce, "Kai dai shirya murmushi."

Muna nutsawa na ga kumfa na fita daga kwanson a jere, har na yaba tsarinsu. Da muka fito, kyamarar na kwance cikin ruwan gishiri, ko hoto ɗaya babu.

Har yau in aka kawo abinci a kula, Isufu kan dafe murfin ya ce, "A ɓoye robar, ga injiniya nan."