Harshen Mutanen Tauraro na Tara

"…da gajiyar hanya, angon da ba shi da ko akuya?"

"Gajiya ta bi lahiya, amarya. Haƙoranki ukku da na bari bara, suna nan?"

"Suna nan, kai suka jira."

Sahabi ya jingine babur ya tsuguna gaban kakarsa Tasalla, tana tsinkar zogale da hantsi. Takanas ya taso daga Gwandu har Dangoma, kuma in za a faɗi gaskiya ba zumunci ne ya kawo shi ba. Sati uku ya yi tare da masu ɗaukar wani shirin talabijin na baƙin sararin samaniya, ya fito a cikin mutanen Tauraro na Tara da suka kawo wa duniya hari. Sai dai an kifa masa ƙwarya a ka, an shafe shi da fenti, ko sunansa bai fito ba. Mahaifinsa Malam Siddiƙu ya kalli shirin sau biyu, ya ce shi bai ga ɗansa ba, yawon banza ya tafi, don haka babu komawa ɗaukar kashi na gaba ranar Asabar. Abin ya tsaya wa Sahabi a rai ƙwarai. Duk duniya kuwa maganar mutum ɗaya Malam yake ji, ita ce wannan tsohuwar.

Ya ciro waya ya kunna mata. "Ki buɗe idanun nan naki masu yana, ki ga mijinki cikin jirgin sama jannati."

Ta ƙanƙance ido. "Wanga tankin ruwa na."

"Jirgi na, Kaka. Dubi wutar da ke tashi ƙarƙashinai."

"Tanki na. Ga hwamhon can sun manta ba su cire ba. Wagga jar ƙasa kuma ramin da aka ɗibar marmara na, bayan Kambaza. Ni da nit tallaci nono nan shekara goma za a ce ma wata duniya?"

"To yaya kig ga shugabar sojojin duniya? Kowa ita shika yabo."

"Ta iya zare ido, ban hana ta ba. Amma bindiga ta riƙe ko muciya? Kuma ana ce mata duniya za ta tashi, ita tana gyaran ɗankwali."

Sahabi ya haɗiye dariya, don shi ma abin ya dame shi tun a wajen ɗauka. Can sai ga wani dogo ya sauko daga tankin, kai kamar an kife tulu, ya ɗaga hannu ya yi magana da murya mai amsa-kuwwa.

"Ni ne nan," in ji Sahabi. "Harshen tauraronmu nika yi. Rubutun ƙasa ya hwassara: za mu ƙone duniyarku."

"Maida baya."

Ya mayar. Ta kara kunne a wayar, ta ajiye zogalen.

"Hokkam kosam," ta maimaita. "Sahabi, wanga dodon cewa yay yi a ba shi nono."

"Kunnenki ya tsuhwa."

"Hillancin uwata za ka koya min? Ga shi nan, ba ni nono, ba ni nono, har sau huɗu. Kun taso tun daga bayan wata, kun ƙone mai, don ƙwaryar kindirmo."

Sahabi ya sosa ƙeya. Daraktan Bakano ne, ba ya jin Fillanci ko na sayen fura. Ya ce kowa ya yi ta surutun da babu mai ganewa. Da aka haska wa Sahabi fitila sai kansa ya ɗauke, bai tuna komai ba sai kalmomi biyun da yake bin Tasalla da su yana ɗan shekara huɗu. Darakta ya tafa, ya ce a duk baƙin babu mai ban tsoro kamarsa.

"To kin dai yarda ni ne," ya ce. "Ki gaya ma Baba. Amma hwassarar ki bar ta tsakaninmu."

"In rantse ma ɗana kan ƙwarya? Kowane mayunwaci na iya roƙon nono."

"Haba, amarya. Asabar za su tahi, in ban je ba wani za su kihwa ma ita. Tsaya ki ga inda anka harbe ni, nan niy yi wasan gaske."

Ya miƙo wayar. Ta ture hannunsa.

"Ɗauke."

"Daƙiƙa goma ce."

"Na ce ɗauke." Ta koma kan zogalenta, tana tsinka har da itacen. "Na gani tun Talata, ɗakin Jummai maƙwabciyata. Kana saukowa, kahin ka buɗe baki, nis san ka. Ƙahwar hagu kaka ja, awa kakanka, Allah shi jiƙanai. Da yarinyar nan tad ɗana maka muciyar kah hwaɗi, kana miƙa hannu, tashi niy yi nih hita. Suna ta cewa wasa na. Na san wasa na. Tuwon ranar dai ban ci ba."

Sahabi ya mayar da wayar aljihu. Ya zo neman shaida ne kawai, bai zaci jin wannan ba.

"Ke nan na iya?" ya tambaya a hankali.

"Ka iya mutuwa. Sauran sai a hankali." Ta share ido da bakin zane, sannan dariya ta ƙwace mata. "Juma'a ka zo ka ɗauke ni da wanga ƙarhen naka, ni da Siddiƙu ne. Shi kuma Bakanon ka gaya mai, in za shi sake kashe min miji, shi aiko in sani tukuna."