Agogon da Ya Kira Mini Maroƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Bauchi ba, ko da kuwa na so in manta. Agogo ne ya ja mini, ko kuma in ce ni na ja wa kaina, agogon ya taya ni.

A lokacin an yi mini sauyin wurin aiki daga Funtuwa. Na bar iyali a gida saboda makarantar yara, na kama ciki da falo a unguwar Ɗan Iya. Ni kuwa Allah ya yi ni da nauyin baki, in ba a fara yi mini magana ba sai in wuni bakina a rufe. A ofis Bakatsine suke ce mini, in amsa, kowa ya kama gabansa. Da yamma in wuce majalisar bakin layinmu in ɗaga hannu, su ma su ɗaga, hira ta ƙare. Damina ta zo ta wuce ban sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, fiye da yadda nake faɗa wa maiɗakina a waya.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Na lura a ofishinmu duk wanda ya sa sabuwar hula ko takalmi, taruwa ake yi a kansa, ana tambayar inda ya saya, ana tsokanarsa. Na ce to, abin nema ya samu. Zan sayi abin da zai buɗe mini baki, tunda ni na kasa.

Aka kwatanta mini shagon wani Ibo, Oga Emeka, kusa da Kasuwar Muda Lawal. Ya fito mini da agogo biyu daga wani akwati da ba ya buɗe wa kowa (haka dai ya ce). Ɗaya sabo ne fil, ruwan zinare, yana ɗaukar ido tun daga nesa. Ɗayan tsoho ne na farin ƙarfe, fuskarsa ta ɗan yi ruwan madara, irin wanda alhazai suke ɗaurawa a da, wanda yanzu masu tara agogo ke nema ido rufe. Na juya wannan, na juya wancan. Sabon ya burge ni, amma na ji tsoron kada wani ya tare ni a masallaci da wa'azin zinare ga namiji. (Yanzu in na tuna sai in ga ai da ma na saye shi, ko ba komai da wani ya tare ni da magana.) Na zaɓi tsohon, don a lissafina sabon agogo kuɗi kawai yake nunawa, tsoho kuwa labari gare shi, dole a tambaya.

Da zan tafi Oga Emeka ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Alaji, wannan agogo ba ta cin batir. Motsin hannunka shi ne abincinta. Idan kana yawo, tana yawo. Idan ka kwanta, ita ma ta kwanta."

Na yi dariya, ban san magana ya faɗa mini ba.

Ranar farko na naɗe hannun riga har gwiwar hannu na shiga ofis. Na miƙa takarda da hagu, na sosa kai da hagu, na nuna fanka da hagu. Babu wanda ya tanka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kowace Litinin sai in tarar agogon ya tsaya cak. Ina zai samu motsi? Daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi ina kwance ina ƙirga rufin ɗaki, ban da masallaci babu inda nake zuwa. Agogo dai ya zama mai tona asiri. Don haka na koyi girgiza hannu. Ina zaune ina girgizawa, ina cikin keke ina girgizawa, har ya zame mini jiki ban san ina yi ba.

Ana nan sai shugaban sashenmu ya tashi aurar da ɗansa. Gayyatar kowa da kowa ce, amma ni na ɗauke ta kamar ni kaɗai aka kira. Na sa babbar rigata ta Sallah, na goge agogo da gefen hula, na tafi da wuri na samu kujera a layi na biyu cikin rumfa. A damana akwai wanda muke ce wa Kashiya, mutumin da teburinsa ke kallon nawa tun zuwana. A haguna wani dattijo ne daga layinmu, wanda nake ɗaga wa hannu kullum.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, maroƙa suka ɓarke. Ka san yadda suke yi, in ba su san mutum ba sai su raɗa wa na kusa da shi tambaya, a ba su sunansa da na mahaifinsa, su kuma su ɗora kirari kamar tare aka haife su. Ni dai ina zaune, zaman ya yi tsawo, sai na duba na ga kamar agogon yana neman yin barci. Na zaro hannu daga cikin babbar riga, na ɗaga shi sama don hannun rigar ya zame, na shiga girgizawa.

Ashe babban maroƙin, wani mai jar dara da ƙaramar lasifika, yana kallona. A wurinsa wanda ya ɗaga hannu da agogo yana kaɗawa kira yake yi. Kafin in ankara ya iso kaina yana cewa ga mai agogon manya, ga wanda ya gaji arziki, a ba shi hanya. Duk rumfar ta juyo. Wallahi a wannan ɗan lokacin daɗi na ji, har na gyara zama.

Sai ya sunkuya wajen dattijon layinmu ya tambayi sunana. Dattijo ya dube ni da kyau, ya ce yana dai ganina ina wucewa. Maroƙi ya juya wajen Kashiya, ya kuma manta bai kawar da lasifikar ba.

Kashiya ya sosa ƙeya, ya ce, "Ɗan ofishinmu ne. Bakatsine muke ce masa."

"Bakatsine ai ba suna ba ne, Malam." Maroƙin ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Jama'a, wa ya san sunan bawan Allah mai agogo?"

Ga 'yan ofishinmu nan reras a layin baya, kowa ya ga abin dubawa a wayarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ƙarshe ni na faɗi sunana da bakina, a cikin lasifika, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Kirarin da ya yi mini ban ji ko kalma ɗaya ba. Na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, na sulale ban tsaya cin shinkafa ba. A cikin keke idona ya kawo ruwa, na ɗora wa iska laifi.

Ranar Litinin na zo da fushina, na shirya ba zan kula kowa ba (kamar da can ina kula su). Sai ga Kashiya ya jawo kujera ya zauna a gabana. Ya ba ni haƙuri, ya ce abin bai yi masa daɗi ba. Na cika na batse, na ce kusan shekara muna kallon juna amma ko sunana bai riƙe ba. Ya bari na gama, sannan ya yi murmushi.

"Gaskiyarka. To ni mene ne sunana?"

Na duba agogo, kamar a can aka rubuta.

Ranar a kwano ɗaya muka ci masa da miyar taushe, kuma sai da ya gama yi mini dariya tas kafin ya faɗa mini sunan. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ni kuma na je na saye shi da tsada na ɗaura a hannu. Tun daga lokacin duk inda na sauka baƙo, ni nake fara miƙa hannu in tambayi sunan mutum, tun kafin wani maroƙi ya tambayi nawa.