Biskit na Biyu a Gidan Suruka

Wani mutum ne a garin Deventer na ƙasar Holan, baiwarsa a duniya guda ɗaya ce tak: ba ya manta ranar haihuwar kowa. Dangin matarsa sun haura arba'in, amma ko jikan ƙanwar kakarta ne ranarsa ta zagayo, katin taya murna na mutumin nan ne zai fara faɗowa ta ramin wasiƙa na ƙofa. Har ta kai surukarsa Aaltje, tsohuwar da ba a taɓa jin ta yabi ko miyar da ta dafa da hannunta ba, tana ba shi biskit na biyu. Kun dai san yadda ake yi: a zuba maka gahawa, a miƙo gwangwani, ka ɗauki ɗaya, a rufe. To shi ana sake buɗe masa, a gaban sauran surukai, suna kallo suna haɗiyar yawu. Da biskit ɗin nan yake taƙama, don ba shi da wani abin taƙamar.

Sirrin kuwa ba ƙwaƙwalwa ba ce, taurin bayan gida ne. Shekara ashirin, kullum da safe sai ya share minti arba'in a banɗaki, ba ci gaba ba labari. Ga kalandar ranakun haihuwa rataye a jikin ƙofa kamar a gidan kowa a ƙasar, daidai saitin idonsa. Me zai yi in ba karatu ba? Ya haddace ta daga Janairu har Disamba, har da waɗanda suka mutu ba a soke sunansu ba.

Wata rana matarsa Wietske ta gaji da tsayuwa a ƙofar banɗaki tana rawar dole. Ta miƙo masa jarida.

"Ga shi, asibiti suna neman masu irin ciwonka, za su gwada sabon magani. Ka je."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Lafiyarka ƙalau, ni kuma mafitsarata ta kusa fashewa. Ɗauki kekenka."

Ya je. Likitar binciken ta zaunar da shi, ta jawo takardu.

"A mako sau nawa kake samun biyan buƙata?"

"Zuwa nake kullum, likita. Ban taɓa fashi ba."

"Ba zuwan na tambaya ba, sakamakon."

Ya ɗan yi lissafi da yatsu, yatsa biyu suka ishe shi. Likita ta yi murmushi irin na wanda ya yi tsintuwa. Ta ce rabin mutane za a ba su maganin gaskiya, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma ba wanda zai san tasa, har ita kanta. Ta ba shi ƙwayoyi da littafi, ta ce ya riƙa rubuta komai: rana, lokaci, da minti nawa ya zauna. Ya sa hannu a wuri bakwai.

Kwana uku da farawa, abu ya buɗe. Mutumin da yake share minti arba'in ya koma minti ɗaya da rabi. Kafin ya ɗago kai ya dubi ƙofa, an gama. Ya fito yana fito, yana rubuta nasara a littafi, har da jan layi a ƙasa.

A mako na uku ranar haihuwar Gwaggo Riek ta wuce ba kati. A mako na huɗu ta wasu tagwaye ta wuce, asara biyu a rana ɗaya. Ita Wietske ba ta san ranar kowa ba, tun da aka yi aurensu ta sakar masa wannan aikin. Hankalinsa ya tashi, ya koma asibiti.

"Akwai wata illa da ka gani?" in ji likita, ta ɗauki biro.

"Akwai. Gwaggo Riek ta daina amsa gaisuwata."

"Ina nufin jiri, amai, ciwon kai."

"Waɗannan ai da sauƙi. Likita, don Allah a mayar da ni cikin masu shan ta bogi."

"Ba na iya sauya maka, ni ma ban san wadda kake sha ba. In ka ga dama kana iya fita daga binciken yau ɗin nan."

"In fita? Na sa hannu wuri bakwai fa."

Ya yi mata bayanin kalanda. Ta saurare shi tsaf, ta ajiye biro.

"To me zai hana ka cire kalandar ka rataye ta a kicin?"

Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa.

"Kalandar banɗaki a kicin? Inda ake cin abinci? Ke a wane gida aka rene ki?"

Ya dawo ya ci gaba da shan ƙwaya a kan lokaci, don shi mutum ne mai cika alkawari. Ya gwada zama haka kawai bayan ya gama, amma Wietske ta riga ta ɗanɗana 'yanci, minti biyu ta fara dukan ƙofa.

Ran nan da safe, sha huɗu ga wata, waya ta yi ƙara. Wietske ta ɗauka, muryar uwarta ce, a sanyaye.

"Na ce bari in ji ko an yi jana'izar mijinki ne ba a gaya mini ba. Jiya na cika tamanin. Kowa ya zo. Kujera biyu ce babu kowa a kai."

Kafin azahar suna gidan tsohuwa. Ya riƙo furanni kamar zai buɗe shago, littafin asibiti a hammata. Sauran surukan da suka dawo cin ragowar kek suna zaune a da'ira, ba wanda ya yi niyyar tafiya. An daɗe ana jiran wannan rana.

Aka zuba gahawa. Gwangwani ya zagayo, ya ɗauki ɗaya, aka rufe. Ya jira. Ba a sake buɗewa ba. Nan fa idonsa ya raina fata, ya ce gara ya wanke kansa da hujja. Wietske tana taka masa ƙafa, bai ji ba. Ya buɗe littafi a kan tebur, kusa da kek.

"Mama, wallahi ba raini ba ne, kimiyya ce. Duba nan. A da minti arba'in nake yi a zaune, sunanki yana gabana kullum, ina nishi ina kallonsa. Yanzu ga shi, jiya sha uku ga wata, minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ina zan gan ki?"

Wani suruki ya ajiye cokalinsa a hankali don kada ya rasa ko kalma ɗaya.

Tsohuwa ta sa tabarau, ta karanta shafin daga sama har ƙasa. Ta miƙa hannu ta zare biskit ɗin farkon daga hannunsa, ta mayar cikin gwangwani, ta danne murfi.

"Shekara ashirin ina zaton a zuciyarka nake, ashe a hanjinka na maƙale."