Irin Gyaɗar Hansai da Keken Munzali

"Lafiya lau na kwana, sai dai baƙin cikin ganinka da sassafe. Kai ne a cikin wannan kwanon, ko wani ne ya ari ƙafafunka?"

"Ni ne, amarya. Ina kwana kawai na ce, ban ce ki kunna rediyo ba."

Hansai tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, a gidansu na unguwar Lokuwa a Mubi, ta miƙe ƙafafu tana kallon tsakar gida. An yi ruwa da asuba, ruwan shuka na farko, ƙasa sai ƙamshi take. Shekarar korona ce, ana cikin dokar kulle: kasuwa a rufe, acaɓa da Keke Napep an hana su ɗaukar fasinja. Jikanta Munzali, ɗalibin jami'a da aka koro gida tun ranar da aka rufe makarantu, shi ne ya shigo yana tura kekensa. Da hular kwano a ka, da takunkumi a baki, da wani wando da ya manne masa kamar narka shi aka yi aka zuba a ciki.

"Daga ina, maigida?"

"Motsa jiki. Na zaga har bakin kogi na dawo."

"Me ka kai?"

"Ba komai."

"Me ka ɗauko?"

"Ba komai."

"Allah Sarki. Kakanka a keke yake shiga Kamaru ya dawo da buhu biyu da akuya. Kai ka fita tun duku-duku ka dawo mini da wari. Ni dai an cuce ni da aka ba ni kai."

"Wa ya ba ki? Ke kika liƙe. Tun ina cikin tsumma kike cewa mijina, mijina. Da na san haƙori biyu ne ya rage miki, da tun ranar suna na gudu."

"Biyun nan sun ishe ni in cinye ka har hular. Mutum ƙafafu kamar tsinken tsire, wai motsa jiki. Me ke jikin da za a motsa?"

Ya jingina keken da bango, ya nufi buta da sabulu, ya hau wanke hannu yana ƙirge a ransa. Hansai ta bar shi ya gama, don tun da ruwan nan ya sauka take jiransa, kuma ba son ganin fuskarsa ne ya zaunar da ita ba. Irin gyaɗarta yana ƙauyen Vimtim, a rumbun ƙawarta Susana. Jar gyaɗa ce ƙanana, wadda ba a samu a kasuwa. Gonar kuwa tana nan bayan unguwa, an share ta tana jira. In aka kwana biyu danshin ya tafi, sai kuma lokacin da Allah ya kawo wani ruwan, ga shi gyaɗar ba ta son makara.

"Zo nan, angona. Yau kekenka zai yi aikin farko tun da aka ƙera shi. Vimtim za mu."

"Za mu? Ke da wa?"

"Ni da mijina. Irina zan ɗauko wurin Susana."

"A kira ta a waya mana."

"Gyaɗar ta cikin wayar za ta biyo? Karatun naku har ya kai nan?"

"To ki jira a buɗe gari."

"Ka je ka gaya wa ƙasa ta jira. Ita ba ta da rediyo, ba ta ji an yi kulle ba. Kai da kake yawo kullum, masu igiyar nan na kan hanya ba sa tare ka?"

"Da sun ga hula da wandon nan sai su sauke igiya. Sun san motsa jiki nake."

"Wato wanda ya fito ba dalili shi ake bari ya wuce, wanda ya fito neman abin da zai ci shi ake mayarwa. Duniya ta yi kyau. To ni ma samo mini irin wandon."

"Ki sa wandon nan a Mubi? Ai ba sai an yi doka ba, kowa da kansa zai kulle ƙofa."

Ta jefe shi da muciya, ya kauce.

"Ke ba ki gane ba, tsohuwa. Shi keke ba matsala. Kana waje, iska tana kaɗawa, kai kaɗai ne, numfashin wani ba ya zuwa hancinka. Matsalar tana wurin tsayawa: cunkoso, musafaha, wannan ya yi tari, wancan ya rungume ka. Ke kuma in na kai ki Vimtim, gida-gida za ki bi. Kafin azahar kin shafi kan kowane jariri, kin sha ruwa a kowace ƙwarya."

"Korona ta ji tsoron Allah ta taɓa ni? Na ga ƙyanda, na ga sanƙarau, na ga kwalara. Duk sun zo sun gaishe ni sun wuce."

"Sun ɗauka kin riga kin mutu ne."

"Uban wa ya mutu? Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga garin nan, da ƙafata na hau dutse, kai kana bayana kana kukan takalminka ya tsinke. Gyaɗar nan a ɗankwali Susana ta ƙulle ta, ta gudu da ita ta bar tukwanenta. Da ta cinye a hanya, wa zai ga laifinta? Ba ta ci ko ƙwaya ba. Sai bana ne iri zai mutu a rumbu saboda mijina yana tsoron atishawa?"

Munzali ya sauke takunkumin zuwa haɓa, ya zauna a kan turmi can nesa da ita. Bai yi dariya ba wannan karon.

"Kaka, kina da hawan jini. Irin ku korona take nema. Ba zan ɗauke ki da ƙafata in kai ki, ki dawo kina tari ba. Ko za ki tsine mini, ba zan kai ki ba."

Hansai ta dube shi. Rabon da ya kira ta Kaka tun yana firamare. Ta kau da kai, ta tofar da goro.

"Ji shi, wai so. Tsoro kake in mutu ka rasa mai dafa maka wake. To na zauna. Kai ka tafi."

"Yawwa. Zan kira Seth ɗan Susana, ya ajiye buhun a bakin hanya gindin bishiya. In zo a guje, in sura, in juyo. Ba tsayawa, ba magana."

"A bakin hanya? Kamar kayan sata?"

"Haka ake yi yanzu."

"A gidan ubanwa? Iri ba a surarsa kamar shaho da ɗan tsako. Ana zuwa, a yi sallama, a gaida mai rumbu, ta auna, ta sa albarka. Susana sai ta yi addu'arta a kai, ni in yi bisimillata a gona, shi ya sa gyaɗar take cika. Ka aika mata cewa ta jefar a titi, wallahi ko ɓawo ba za ta ba ka ba, ni kuma ta daina gaishe ni har a rufe ɗayanmu. Za ka gaida Susana, ka gaida Kwaji mijinta, ka gaida Zira mai ciwon ƙafa, ka yi wa Miriyamu barka da haihuwar jikarta, ka..."

"Tsaya, tsaya! Ƙidayar jama'a aka aike ni? Kowane ɗaya hannu ne fa. Hannu huɗu, biyar, in kwaso in kawo miki har ɗaki. Da haka ai gara in ɗauke ki ɗin."

"Wane hannu?"

"Hannun gaisuwa mana."

Hansai ta riƙe haɓa, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne za ka miƙa wa Susana hannu? Sa'arka ce? Tare kuka yi kaciya da Kwaji? Wayyo ni Hansai, ashe jaki na aura. Tashi!"

"In je ina?"

"Tashi na ce. Ni ce Susana. Koma zaure ka yi sallama."

Ya tashi yana gunaguni, ya koma bakin zaure ya yi sallama.

"Cire takalmi."

"Igiyarsa da wuyar..."

"Cire! Yawwa. Tako uku. Kai, uku na ce, ina za ka? Kan cinyata za ka zauna? Koma baya. Nan. Tsuguna."

Nan fa aka sha kallo. Wandon an ɗinka shi don hawa ne, ba a ɗinka shi don ladabi ba. Munzali ya yi ƙasa a hankali kamar raƙumi mai ciwon gwiwa, yana dafa ƙasa da hannu ɗaya, ɗinkin yana ƙara.

"Sunkuyar da kai. Ce, Mama ina kwana, ya ruwa, ya jikoki, Hansai tana gaishe ki. Ba ka ɗaga ido, ba ka miƙa komai. Ita za ta ajiye buhun, ta koma ta zauna, sannan ka matso ka ɗauka da hannu biyu. Su Kwaji ma daga inda kake za ka gaishe su, murya ai tana tafiya. To malam likita, turawan naka nisa nawa suka ce a bari?"

"Mita biyu."

"Auna."

Ya dubi inda yake, ya dubi tabarmarta. Ya miƙe ya taka yana ƙirgawa, ya tsaya.

"Ya kusa huɗu."

"Huɗu! Tun kafin a haifi uwar korona muke ba da huɗu, har da cire takalmi kyauta. Ku ne 'yan boko kuka zo kuna cafke hannun kowa kuna girgizawa kamar famfon burtsatse. Yanzu an ce ku daina, kun ɗauka sabon ilimi ne."

"To kunun fa? Kin san sai ta kawo."

"Tafi da gorarka. Ka ce mata cikinka ya lalace. Da ta ga yadda kake tsugunawa za ta yarda."

Ya ɗaure takalminsa yana girgiza kai, ya jawo keken. Har ya ɗora ƙafa, Hansai ta leƙa bayan sirdin, ta ga taya tsirara.

"Ina wurin ɗora kaya?"

"Babu. Na tsere ne."

"Tsere da wa? Mudu takwas ne fa. A baki za ka riƙo?"

Ya shafa sirdin. Ita kuwa ta dafa bango ta miƙe, ta zare zani daga kan igiya, ta kakkaɓe shi.

"Juyo bayanka in nuna maka ɗaurin."

"Goyo? Ni? In ratsa Lokuwa da rana tsaka da goyo? In Khairat ta gan ni fa?"

"Sai ta san ka iya raino, sadakinka ya ragu. Sunkuya."

Ta ɗora masa matashin kai a gadon baya don gwaji, ta zagayo da zanin ta ƙarƙashin hammata, ta ja ta tamke a ƙirji har sai da ya yi nishi. Munzali ya dubi ƙullin, ya dubi tsohuwar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, dariya ta ƙwace masa har keken ya nemi faɗuwa.

"Kin ci, amarya. Na sallama. Kafin azahar irinki yana gida."

Ta kwance bakin ɗankwalinta, ta ciro dabino uku ta zuba masa a tafi.

"Ungo, ka ci a hanya. Shekara ashirin da uku da aurenmu, yau ne za ka fara kawo abinci gidan nan."