Keken da Ya Iso Inkil Babu Sarƙa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shigo Inkil, bakin garinmu Bauchi, a kan keke ina ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara ba. Ko da na so in manta ma, 'yan majalisarmu ba za su bari ba.

Abin ya samo asali ne daga Habu, ɗan goggona, taubashina. Tare muka tashi a cikin gari, shi ya zama tela a Yelwa, ni na buɗe shagon kayan masarufi. Habu ya shiga wata ƙungiya ta masu doguwar tafiya a keke, yau ka ji suna Jos, wata mai zuwa suna Azare. Ban taɓa damuwa ba, sai ranar da aka nuna wa Baba, mahaifina, hotonsa a waya. Shi Baba da keke ya yi fatauci a ƙuruciyarsa, yana kai gishiri da kananzir kasuwannin ƙauye, har yau in keke ya wuce ƙofar gida daga ƙararsa yake gane abin da ke damunsa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ashe magajina a ɗakin ƙanwata aka haife shi."

Ina zaune a gabansa ya faɗa. (Da kwanon tuwo a hannuna, abin da bai taimaki lamarina ba.)

Ba a rufa wata ba na sayi keke na hannu a shagon Emeka, mai sayar da kayan keke, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne kuma makanikensu. Na ce a sa da ni a tafiya ta gaba: Bauchi zuwa Darazo, a ɓulla Dukku, a sauka Gombe, a dawo ta Alkaleri. Habu ya kalli cikina ya ce, "Alhaji Tumbi, kai za ka hau keken ko shi zai hau ka?"

A hoto tafiyar keke daɗi gare ta. A zahiri kuwa, ana sallame sallar asuba ake ɗaure kaya a kariyar bayan keke, a sha shayi a tsaye, a kama hanya kafin rana ta farka. In ta take sai a nemi inuwar tsamiya, a jiƙa garin kwaki da ƙuli, in an yi sa'a masu nono sun gifto a sha fura. A yi faci, a ba taya iska, a ɗan kishingiɗa, la'asar sakaliya a sake hawa. Inda magariba ta riske mu nan za mu nemi mai unguwa ya ba mu zaure. A wanke riga, a shanya ta a kan keke, da safe a maida ita da danshinta. Akwai kuma maganar sirdi, wadda ba zan yi bayaninta ba saboda mutuncina, illa dai tun daga Darazo na daina zama kamar sauran Musulmi.

Ƙungiyar tana da doka: ba a shiga gari sai an cika. Duk wanda ya riga, ya tsaya a bakin gari ya jira na ƙarshe. Na ƙarshen nan kullum ni ne. Zan iso ina haki in tarar sun huta, har an tara musu yara da manya, kuma Habu ne a tsakiya yana ba da labari, tutar ƙungiya tana kaɗawa a bayan kekensa. Shi ake kawo wa ruwan sanyi, shi ake ɗauka hoto. Ni sai dai in ji wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo, wannan bawan Allah ku sa shi a mota mana." Ban ga laifin tsohuwar ba. Habu na ga laifinsa, na rashin gajiya. Har addu'a na taɓa yi a raina tayarsa ta yi faci a gaban mutane. (Tawa ce ta yi.)

Ranar dawowa gida, mun san dangi da abokai za su tare mu a Inkil. Mun wuce gadar Dindima kaɗan sai na ji feda ta tafi a banza. Sarƙa ta tsinke. Sauran sun yi nisa, Habu ne kawai ya waiwayo ya dawo. Ya tsuguna ya zare sarƙar, ya naɗe ta a tsumma.

"Kayan ɗinkin suna wurin Emeka," in ji shi. "Zauna a inuwar nan, in cim masa ya haɗa, yanzu zan dawo. In kuma ta ƙi, ina da igiya. Sai in ja ka har gaban Kawu kamar ragon layya."

Wasan taubasai ne, mun yi wanda ya fi shi sau ba adadi. Amma da ya tafi sai hoton ya tsaya mini a ido: Habu a gaba da tuta, ni a baya a ɗaure da igiya, Baba yana kallo. Ina cikin haka sai ga wata akori-kura cike da buhunan gawayi ta nufi Bauchi. Hannuna ne ya tsayar da ita kafin hankalina ya iso. Muka ɗora keke, na kashe wayata, da muka zo wuce su Habu a gefen hanya na kwanta lamo a tsakanin buhuna.

Na sauka kafin Inkil, inda hanya take da ɗan gangare. Na zuba ruwa a fuska don ya zama gumi, na hau, na saki birki ina juya feda a iska. Jama'a suka taso daga gindin bishiya ana tafi, 'yan majalisarmu suna kiran sunana. Ga Baba da babbar rigarsa ta Juma'a, abin da ya ba ni mamaki, don ba ya fita irin wannan taro.

"Ina sauran?" wani ya tambaya.

"Suna baya," na ce. "Na gaji da jira."

Baba bai kalle ni ba, keken ya kalla. Ya sunkuya ya juya feda da hannu, ta yi ta wulwulawa ita kaɗai. Ya ce, "Ina sarƙar?"

"Yanzun nan ta tsinke, Baba. A gangaren can ta faɗi."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Baba kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a bayyane yake sa murya, kowa ya ji. Habu ne, amma ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Kawu, don Allah kada hankalinka ya tashi. Ɗan'uwana ne ba mu gani ba. Na bar shi a gindin bishiya a Dindima, sarƙarsa tana hannuna, na dawo babu shi babu keke, wayarsa a kashe. Mun duba bakin ruwa, yanzu za mu je wurin 'yan sintiri."

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, sai a lokacin na lura farar rigata ta koma kalar gindin tukunya. Ya ce, "Ku dawo, Habu. Ga shi nan a gabana. Ya tuƙo keke babu sarƙa tun daga Dindima. Ku yi sauri, kada a gama kallon waliyyi ba ku."

Da dariyar ta fashe, ni ƙasa na roƙa ta tsage, ta ƙi. Haka na zauna a gefe har rana ta yi sanyi suka iso, sun yi hanyar sau biyu saboda ni. Emeka ya ce, "Oga, kai ya ba mu tsoro fa. Habu har cikin ruwa ya shiga da wando." Na jira baƙar magana daga Habu, da ta zo da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya miƙo mini sarƙar a ɗinke, sannan ya kwance tutar daga kekensa.

"Al'adarmu ce," in ji shi. "Ranar shiga gida, wanda ya fi kowa shan wuya bai sauka ba, shi ake sawa a gaba ya riƙe ta. Ba a gaya wa sabo sai an zo bakin gari. Ni na kira Kawu jiya na ce ya fito ya ga ɗansa."

Ya naɗe tutar ya sa a jaka. Ranar babu wanda ya riƙe ta.

Washegari Baba ya sa na ɗora keke a mota na koma Dindima, gindin bishiyar nan, na tuƙo shi har gida. Habu ya bi ni, duk hanya yana bayana, bai wuce ni ko sau ɗaya ba, sai dai bakinsa ya dawo aiki. Da muka iso Baba ya taɓa sarƙar ya ji ɗuminta, ya ce, "Yanzu ka dawo."

Har yau a majalisa Waliyyi ake kira na, kuma ina amsawa. Abin da na koya shi ne, mai hassada da ƙafarsa yake gudu daga abin da aka ajiye masa. Sannan in har za ka yi wa tsohon ɗan keke ƙarya, to aƙalla ka je da sarƙa.