Takalman Gwaggo Hajo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Gwaggo Hajo garin Anka ba. Ko na so in manta, tafin ƙafata ba zai bari ba.

Lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, an ba ni aji uku a wata firamare a Gummi, sai na ɗauka duk faɗin ƙasar Zamfara babu wayayye sai ni. Ga wando fantalo, ga suma na tara kamar an kifa mini kwando, ga wasu takalma masu tudu da na saya da albashina na farko, in na taka sai an waiwayo. (Yau in na ci karo da hoton zamanin, kifar da shi nake yi kada jikoki su gani.)

Gwaggo Hajo yayar mahaifina ce. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama, don haka da hannu take tafiya. Tana da wasu katakai biyu masu mariƙi da wani masassaƙi ya yi mata, takan dafa su ta ja jiki, kuma su take kira takalmanta. Da su take zuwa suna, da su take zuwa gaisuwar mutuwa, da su ta riƙa bi na tsakar gida ina yaro in na yi ɓarna, kuma takan kama ni. Ƙafa ce kawai ta shanye, bakin nan nata lafiyarsa lau.

A cikin tsohon garin Anka aka haife ta. Bayan rasuwar mahaifiyarta kakanmu ya taso da iyalinsa zuwa Gummi, ita kuwa ba ta sake komawa ba. Wata bazara sai saƙo ya zo daga ɗan'uwansu Baba Ummaru, wanda ke riƙe da gidan, cewa kafin ruwa ya sauka zai rushe tsofaffin ɗakunan ƙasa ya yi na bulo. Gwaggo ta sa aka kira ni.

"Ɗana, kai ni in zamna ɗakin Inna ko sau guda, tun ba su kada shi ba."

Na ce an gama. Amma da na koma ɗaki sai na shiga tunani irin na wawa mai takardar shaida. A ce malamin makaranta guda yana tafe cikin garin sarakuna, gwaggonsa na jan jiki a bayansa? Ina! Na je wurin wani abokina ma'aikacin asibiti na aro keken da ake tura marasa lafiya, na goge shi har yana ƙyalli. Da safe ana ɗora kaya a bayan a-kori-kura, na faki ido na tura katakan nan ƙarƙashin rumbu.

"Ka sa takalmana?" in ji Gwaggo.

"Suna cikin jaka, Gwaggo."

Haka na ce, ko ƙiftawa ban yi ba.

Mun sauka tashar Anka rana ta take. A kan babbar hanya keke ya yi ta gudu sumul, ni kuma baki ya buɗe. Na nuna mata ragowar ganuwa, na fara zuba mata tarihin sarakunan Zamfara da kushewarsu yadda na haddace don cin jarrabawa. Ta bar ni na yi nisa sannan ta ce, "Ganuwad da awakinmu ka kiwo bisa, ita kaka gwada min? Tura mu tahi."

Muna karya kwana cikin lungu labari ya sha bamban. Waɗanda suka gina garin nan ba su yi shawara da keken asibiti ba. Yashi ya haɗiye tayoyin, na tura ya ƙi, na ja da baya ya faɗa kwata. Takalmana masu tudu suka riƙa turguɗe ni, gumi ya jiƙe rigar da na kwana ina yi wa guga. Wasu dattawa na zaune a dakali ƙarƙashin dalbejiya, ɗaya ya ɗaga murya, "Malam, ko a aro maka jaki?" Na yi kamar ban ji ba. Tafiyar da Gwaggo za ta yi da hannunta kafin a tafasa shayi, sai da muka yi kusan awa muna yin ta.

Da ƙyar muka kai ƙofar gidan, a nan kuma keke ya ce iyakarsa ke nan. Ƙofar zauren irin ta da ce, ƙunci gare ta, ga dokin ƙofa ya kusa kai mini gwiwa. Baba Ummaru ya fito da murna, aka gaisa, dattawan dakali ma suka taso don sun ji 'yar gida ce ta dawo. Na naɗe hannun riga na ce bari in ɗauke ta in shigar.

"Kul! Da kaina nih hito gidan ga, da kaina za ni komawa. Ɗauka sai rad da za a kai ni kushewa. Miƙo min takalmana."

Jama'a, na buɗe jakar nan na shiga lalube. (Ka ji rashin kunya, neman abin da na san yana Gummi ƙarƙashin rumbu, kaji na kwance a kansa.) Na fito da zane, na fito da ƙullin daddawar tsaraba, na mayar. Daga ƙarshe na ce cikin wata 'yar murya, "Na baro su gida. Na ga kamar keken ya fi... ya fi kyan gani."

Gwaggo ta dube ni tun daga suma har ƙasa. Ta kai tafin hannu ta taɓa yashin, ta janye, don ya yi zafin da zai gasa gyaɗa. Sannan idonta ya tsaya a kan ƙafata.

"Tuɓe naka."

Na tuɓe. Ta zura hannuwanta cikin takalman albashina na farko, ta sauko daga keke, ta haye dokin ƙofar nan cikin sauƙi, ta shige ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni kuwa aka bar ni a rana ina ɗaga wannan ƙafa ina sauke waccan. Mai maganar jaki ya gyara hula ya ce, "To, yau dai takalman ga sun samu aikin yi." Dariyar da aka yi har matan cikin gida sai da suka leƙo.

Da na gaji da tsalle na bi ta ciki a guje. Na tarar da takalmana a jere a bakin wani ɗan ɗaki mai duhu, ta cire su, don ba a shiga ɗakin uwa da takalmi. Tana zaune ta jingina goshi da bango, ta shimfiɗa tafin hannu a kansa, hawaye na zuba ba sauti. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi kuka ba sai ranar. A nan kunya ta gaske ta kama ni, wadda ta fi ta dariyar dattawa ciwo. Saura kaɗan in hana ta wannan zaman saboda kyan gani.

Bayan la'asar ta ce keke kam ta yafe. Haka muka ratsa tsohon garin Anka har tasha, tana gaba da takalmana tana gaisawa da mutane gida gida, ina biye ba takalmi ina jan keke ba kowa a ciki.

Sai da muka isa Gummi, na zaro katakanta na kakkaɓe, sannan ta miƙo mini nawa. "Amshi abinka. Tsawo gare su, ba su da daɗin tahiya. Sun yo mai su."

Tun daga ranar na koyi cewa in za ka taimaki mutum, fara tambayarsa da me yake tafiya. In kuwa ka ga ka fi shi sani, to ka tafi da wasu takalman a jaka, ban da na ƙafarka.